Me Ya Sa Nake Jin Kamar Jirgi Zai Faɗo da Zarar Ya Tashi?

"Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekarata 41. Sau uku na taɓa hawa jirgi, duk zuwa Legas. Na farko da na biyu na daure. A na uku, muna barin ƙasa sai na ji ƙarar inji ta ragu, na ji kamar muna gangarowa. Zuciyata ta dinga bugawa, numfashina ya sarƙe, yatsuna suka ƙage, na yi ta salati don na ɗauka ajali ne. Shekara biyu ke nan ban sake hawa ba, mota nake bi. Yanzu na biya mana Umara ni da mahaifiyata, saura mako shida, kuma tun yanzu barci ya fara gagarata. Wani abokina ya ce in sayi ƙwayar barci a kemis in sha kafin mu shiga. Wasu kuma sun ce raunin tawakkali ne. Don Allah ciwo ne ko mene ne? Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya karɓi niyya, ya kai ku lafiya kai da Hajiya.

Malam, in na fahimce ka, abu uku kake nema. Kana so ka san abin da ya faru a lokacin da ƙarar inji ta ragu, ka san ko abin da jikinka ya yi ciwo ne ko raunin imani, sannan a gaya maka ko ƙwayar da abokinka ya ambata za ta fisshe ka. Zan daɗe a kan na farko, domin masu zuwa wurinmu da wannan koke, mafi yawansu wannan lokacin suke kwatantawa, kusan da kalmomi iri ɗaya: inji ya yi shiru, muka fara yin ƙasa. Kuma da wuya ka sami wanda aka taɓa gaya wa cewa kowane jirgi yana yin haka a kowane tashi, da gangan.

Abin da jirgi ke yi a minti biyar na farko

Tun jirgi bai motsa ba ake fara jin abubuwan da ke tayar da hankali. Bayan an rufe ƙofa, wata mota ce ke tura shi baya. A nan iskar sanyi kan ɗauke, fitilu su yi ƙiftawa ɗaya. Iskar an karkatar da ita ne don a tayar da injuna, wutar kuma ana mayar da ita kan injin da ya tashi. Daga nan sai wani kuka kamar na injin markaɗe ya taso daga ƙarƙashin ƙafa. Wasu allunan ƙarfe ne ke zamewa daga gaba da bayan fiffike su ƙara masa faɗi, don jirgi ya iya ɗagawa ba sai ya yi gudu mai yawa ba. A wasu jiragen Airbus har akwai wata ƙara kamar haushin kare, wani famfo ne ke daidaita ƙarfin man da ke motsa birki da sassan fiffike.

In an hau titin tashi, matuƙi yakan ba injuna wuta kaɗan tukuna, ya ga duk sun ɗauka daidai, sannan ya sakar musu. Bayanka zai manne da kujera, tayoyi su yi ta dukan gaɓoɓin kwalta, ma'ajiyar kaya ta sama ta yi ta kaɗawa. Irin jiragen da ke zuwa Legas sukan yi gudun sakan 30 zuwa 40 kafin su ɗaga, a gudun kilomita 250 zuwa 290 a awa. Babban jirgi mai zuwa Jidda ko Madina, cike da mutane da kaya da man tafiyar kusan awa biyar, gudunsa a ƙasa kan kusa minti guda. Ka riƙe wannan tun yanzu, don kada ka ƙirga 40 ka ce ya kasa tashi. Ga kuma zafin Kano. Garin yana sama da teku da mita 470 da 'yan kai, a bazara zafi kan kai digiri 40, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, saboda haka jirgi kan ci titi fiye da yadda zai ci da asubar hunturu. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano ya haura kilomita 3, kuma kafin kowane tashi sai an yi lissafi da nauyin jirgi, zafin gari, inda iska ke kaɗawa da tsawon titi. In lissafi bai ba da ba, a rage kaya ko a jira gari ya huce.

A cikin lissafin nan akwai wani gudu da ake ƙayyadewa. In matsala ta bayyana kafin a kai shi, birki za a taka, titin da ya rage ya isa a tsaya. In an wuce shi, tashi za a yi, domin ba a yarda jirgin fasinja mai inji biyu ya ɗauki mutane sai an tabbatar zai iya ƙarasa tashi da inji ɗaya. Matuƙa kan maimaita wannan a na'urar kwaikwayon jirgi kusan duk wata shida.

Sai hanci ya ɗaga kamar digiri 15. A kujera za ka ji kamar ya miƙe tsaye, amma bai kai ko rabin tsayuwar matattakalar bene ba. Bayan 'yan sakanni ka ji gum, gum a ƙarƙashi, tayoyi ne suka shige ma'ajiyarsu aka rufe.

To, ga wurin da ya kama ka. Ƙarfin da ake ba inji a tashi ba a barinsa a kai fiye da 'yan mintoci. In jirgi ya kai tsayin mita 300 zuwa 450, wato bai fi minti ɗaya da barin ƙasa ba, matuƙi yakan rage wuta zuwa ƙarfin hawa, ya ɗan sauke hanci don jirgi ya ƙara gudu. Ƙara ta ragu, turin da ke bayanka ya sassauta, cikinka ya yi wani iri. Duk wanda ya taɓa shiga babbar mota ya san wannan: direba ya tashi da giya ta ɗaya tana ruri, ya sauya zuwa ta biyu, ƙara ta faɗi, jiki ya ɗan yi gaba, amma mota ba baya ta koma ba. Jirginku a ranar hawa yake ta yi, saurin hawan ne kawai ya ragu. Bayan wannan za a janye allunan fiffike, kukan markaɗe ya dawo, ka sake jin ɗan lotsawa sau ɗaya ko biyu. In zai juya ya kama hanya, fiffike ɗaya zai yi ƙasa har ka ga rufin gidaje sun cika taga, karkatar ba ta wuce digiri 25 zuwa 30. Ƙararrawar da ke yin ƙara a wajen mita 3,000 sanarwa ce tsakanin matuƙa da ma'aikata cewa an gama da ɓangaren tashi.

Dalilin da ya sa jiki ke rantsuwa faɗuwa ake yi yana can cikin kunne. Akwai wasu 'yan gaɓoɓi a ciki da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda sama take da inda ƙasa take. Ba sa auna gudu, sauyin gudu kawai suke ji. A ƙasa ido yana gyara musu kuskure, a jirgi kuwa ido ba ya ganin komai sai bayan kujerar gaba, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki maganar kunne. In saurin hawa ya ragu, kunne ya ce ana faɗuwa. Shi ne abin da kake ji in lif ya kusa tsayawa a bene na sama, ko mota ta kai ƙololuwar gadar sama ta Ƙofar Nassarawa ta fara gangara. Su kansu matuƙa abin da ake fara koya musu ke nan: in sun shiga gajimare kada su yarda da abin da jiki ke gaya musu, su dubi na'ura.

Tsoron ba daga banza ya zo ba

Ba zan ce maka jirgi ba ya haɗari ba. Mutumin Kano bai manta ranar 4 ga Mayu, 2002 ba, lokacin da jirgi ya faɗa unguwar Gwammaja jim kaɗan da tashi, mutum sama da 100 suka rasu, na ciki da na ƙasa. Kana da shekara goma sha wani abu a lokacin, ka ji labari daga bakin waɗanda suka gani, wataƙila ma ka ga wurin. Gaskiya ne kuma cewa tashi da sauka su ne inda aka fi samun matsala a cikin tafiya. Bayan wancan haɗarin an dakatar da samfurin jirgin a Najeriya, aka tsaurara doka kan tsofaffin jirage.

Amma a sa abin a sikeli. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ƙirga tashi kusan miliyan 37 a shekarar 2023, kuma babu babban jirgin fasinja mai injin jet ko ɗaya da ya yi haɗarin da ya ci rai a cikinsu. A shekarar dai, alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa sun nuna mutum sama da 5,000 sun rasu a titunan Najeriya. Tafiyar kilomita kusan 1,000 da kake yi a mota zuwa Legas don gudun jirgi, ita ce mafi haɗari a cikin biyun, da tazara mai nisa. Na san wannan lissafi ba zai kwantar maka da gaba ba. Ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke firgita ba ya karanta lamba, da abin da ya gani ya ji yake koyo. Na faɗa ne don ka san wanda za ka yarda da shi in lissafi da tsoro suna musu a kanka.

Abin da jikinka ya yi

Da ƙwaƙwalwa ta yanke hukuncin cewa faɗuwa ake, sai ta saki sinadarin adiranalin. Aikinsa ya shirya mutum gudu ko kokawa: zuciya ta ƙara bugu, tsoka ta ɗaure, gumi ya keto, baki ya bushe, numfashi ya yi sauri. A kan kujera an ɗaure ka da bel, babu inda za ka gudu, sai numfashin ya wuce buƙata. Mai numfashi da sauri yana zubar da iskar kabon da ke cikin jini fiye da kima, kuma ƙarancinta ne ke kawo jiri, dishi-dishin gani, jin kamar tururuwa na bin leɓe da yatsu, har yatsu su ƙage kamar yadda naka suka yi. Abin mamakin shi ne mutum yana jin iska ba ta isar sa, alhali ta yi masa yawa ne. Sai ya ƙara ja, abin ya ƙaru, ya ce lallai mutuwa ce, wannan tunanin ya sake sako adiranalin. Haka abin ke zagayawa. Irin wannan firgici yakan kai ƙarshen ƙarfinsa cikin minti goma ko ƙasa da haka, sannan ya fara sauka da kansa ko ba a yi komai ba.

Abin da ya mayar da firgicin rana ɗaya ya zama ciwon shekara biyu shi ne ƙauracewa. Duk ranar da ka ce bari in bi mota, ka ji sanyi a ranka, ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa gudun ne ya cece ka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, kuma muddin bai tsaya ya duba tsumman ba, kullum maciji ne a wurinsa. Eh, matsala ce da likitanci ya sani, yana cikin nau'in tsoro mai takamaiman dalili, kuma yana cikin waɗanda suka fi saurin jin magani.

Maganar tawakkali ta malamai ce, amma bugun zuciya ba ya neman izinin kowa. Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya ga sandarsa tana motsi kamar maciji ya juya bai waiwayo ba, aka ce masa kada ka ji tsoro. Mutumin da ya biya kujera biyu alhali gabansa na faɗuwa, ban ga inda za a tuhumi tawakkalinsa ba.

Yadda za ka ci moriyar mako shidan nan

Fara da numfashi, yau. Zauna a kujera, ƙafa biyu a ƙasa, hannu ɗaya a kan ciki. Ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu a zuci, a hankali, yadda hannun da ke kan ciki ne zai ɗaga ba kafaɗa ba. Sake ta kana ƙirga shida, ta baki a ɗan tsuke kamar mai hura koko. Fitarwar ce ke rage bugun zuciya, don haka ita ake tsawaitawa. Kowane numfashi sakan goma ke nan. Ɗauki carbi ka ja ƙwaya ɗaya a kowane numfashi, 33 za su ba ka minti biyar da rabi, wanda zai ishe ka daga inda jirgi ya fara gudu har ya gama janye allunan fiffike. In kana so, yi tasbihinka a cikin fitarwar, ka ja shi ya cika shidan. Yi haka sau biyu kullum, bayan Asuba da bayan Isha.

Kuskure biyu na fi gani. Na farko cika ƙirji da iska, don an saba cewa mai tsoro ya ja dogon numfashi. Wannan ƙara wa wuta mai ne, ƙaramin numfashi mai jinkiri ake so. In ka ji jiri kana yi, ka ja da yawa ne, rage. Na biyu a ajiye abin sai an shiga jirgi. Abin da ba ka saba da shi a natse ba, ba zai zo maka a firgice ba.

Daga mako na biyu sai ka fara nemo tsoron da kanka. Nemi bidiyon tashin jirgi da fasinja ya ɗauka daga taga, akwai su birjik a YouTube. Wanda ke nuna tashi lafiya daga farko har ƙararrawa nake nufi, na haɗari kuwa ka yi nesa da su har ka dawo. Sa abin ji a kunne, ƙara sauti, zauna a kujera mai madogara. Kana kallo kana faɗin abin da ke faruwa da bakinka: an ba da wuta, hanci ya ɗaga, tayoyi sun shiga, yanzu za a rage wuta, ga shi an rage. Kafin ka fara ka ba tsoronka maki daga 0 zuwa 10, in ka gama ka sake ba shi, ka rubuta. Maimaita bidiyo ɗaya har makin ya faɗo zuwa rabi, sannan ka sauya wani. Kada ka kashe a tsakiya don abin ya yi zafi. Kashewa a lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa, wani sabon gudu ne.

In likita ya duba ka ya ce zuciyarka lafiya, ƙara da wannan: hau matattakalar bene da sauri na minti ɗaya har zuciya ta buga, sai ka zauna ka bar ta ta sauka da kanta kana duban agogo. Manufar ita ce jiki ya koyi cewa bugun zuciya ba sanarwar mutuwa ba ce. Da yawa daga masu cewa suna tsoron jirgi, in aka bi diddigi, abin da jikinsu zai yi a cikin jirgin suke tsoro, da kunyar mutane su gani.

In aljihu zai ɗauka, a mako na huɗu ko na biyar ka je Abuja ka dawo a jirgi. Tafiyar ba ta cika awa ɗaya ba, kuma ta ba ka tashi biyu kafin babbar tafiya, ba tare da nauyin kula da Hajiya a kanka ba. Zaɓi jirgin safe. Iska ta fi kwanciya kafin rana ta gasa ƙasa, hadarin damina ma ya fi haɗuwa da yamma. A cikin duk abin da na lissafa, wannan ya fi aiki.

Maganar ƙwaya

Kada ka saya a kemis. Abin da za a ba ka galibi dangin diazepam ne, kuma ina da dalilai. Yana kwantar da hankali a wannan tafiyar amma yana hana ƙwaƙwalwa koyo, ka sauka lafiya ta ce ƙwaya ce ta yi. An gwada wannan a Amurka a 1997 da masu tsoron jirgi: waɗanda aka ba irin wannan magani sun ce sun ji sauƙi a tashin farko, amma da aka sake ɗaukar su bayan mako guda babu magani, sun fi waɗanda ba a ba komai ba firgita. Sannan yana sa barci mai nauyi a zaune awa huɗu ko biyar ba motsi, abin da ke ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Yana rage kaifin hankali, kai kuwa kai ne idon Hajiya a wurin duba fasfo da ɗaukar kaya. Wasu ma maimakon su kwanta, rikicewa suke yi. Ga saurin kama jiki. Ga kuma Saudiyya da ba ta wasa da ƙwayoyi masu sa maye ko barci in babu takardar likita, ballantana tiramadol ko maganin tari mai kodin.

In likita da ya duba ka ya ga akwai buƙata, wannan daban. Ya rubuta maka takarda ka tafi da ita, ka gwada maganin a gida kwanaki kafin tafiya don ka san yadda yake yi maka. Akwai wani kuma da ke rage bugun zuciya da rawar hannu ba tare da sa barci ba, sai dai yana da haɗari ga mai asma, shi ya sa ba a aron maganin aboki.

Ranar tafiya

Daga daren jajiberi ka ajiye goro, kofi, shayi mai kauri da lemon ƙara kuzari. Sinadarin da ke cikinsu bayan awa biyar rabinsa na nan a jini, kuma bugun zuciyar da yake sawa ba shi da bambanci da na tsoro. Goron ma dama ba a shiga da shi Saudiyya. Ci abinci mara nauyi, kada ka shiga da yunwa, domin rawar jikin yunwa ma ƙwaƙwalwa tsoro take fassara ta. Fita da wuri, wanda ya iso da gudu yana haki ya riga ya ci rabin hanyar firgici. In an jinkirta tashi saboda hazo ko hadari, doka ce ke aiki, matuƙi ba ya tashi sai nisan da ake iya gani ya kai ƙa'ida.

Nemi kujera daidai fiffike ko gaba da shi kaɗan, nan jijjiga ta fi sauƙi, can baya ta fi ƙarfi. Tunda matsalarka jin faɗuwa ce, taga ta fi dacewa da kai, don ido ya ga ƙasa tana ƙara nisa ya ƙaryata kunne. Wanda matsalarsa ƙunci da rufaffen wuri ce, shi bakin hanya ya fi masa. Kada ka karɓi kujerar ƙofar gaggawa. Da shigarka ka gaya wa ɗaya daga cikin ma'aikata cewa tashi yana ba ka tsoro, sun saba ji kullum, kuma faɗin kansa yana sauke nauyin ɓoyewa.

Ɗaura bel a ƙasan cibiya ya kama sosai, jiki in ya haɗe da kujera ya fi rage jin lilo. Ƙafa biyu a ƙasa, baya a jingine, hannu a kan cinya. Kada ka damƙe hannun kujera, damƙar tana gaya wa ƙwaƙwalwa akwai haɗari. Kada ka runtse ido, in ka rufe shi ka bar kunne shi kaɗai da magana. Karanta addu'ar hawa abin hawa, wadda ke cikin Suratuz Zukhruf aya ta 13 da 14, sai ka kama carbi daga lokacin da aka ba da wuta, kana riga jirgi faɗin abin da zai yi. Daina leƙen fuskar ma'aikata da sauraron kowane sauyin ƙara, wannan gadin da ba a sa ka ba shi ke hana tsoro sauka. In kunne ya toshe, haɗiye yawu ko ka tauna cingam. In an shiga gargada a cikin gajimare, dubi ruwan da ke cikin gorarka, za ka ga motsin bai kai na A Daidaita Sahu a lungun da babu kwalta ba. Fiffike kuma in ka ga yana lanƙwasa, haka aka ƙera shi, ana gwada shi da nauyin da ya ninka mafi tsananin abin da ake tsammani sau ɗaya da rabi.

In duk da haka firgicin ya zo, kada ka yi kokawa da shi. Dubi agogo, ka ce minti goma ne, ka ci gaba da tsawaita fitar numfashi. Kada ka auna nasara da cewa ba ka ji komai ba. In ka ji tsoro maki 7 ka zauna har ya sauko 4, tafiyar ta yi aikinta, ta dawowa za ta fi sauƙi.

Inda wannan amsa ta tsaya

Ban auna ka ba, da bayaninka kawai na yi aiki. Kafin ka ɗora komai a kan tsoro, je a duba hawan jini, sukari, bugun zuciya da maƙoƙo, domin gaɓar da ke gaban wuya mai kumbura ta zama maƙoƙo, in ta yi aiki fiye da kima tana kawo alamomi irin waɗannan. Ciwon ƙirji mai danna kamar an ɗora dutse, mai bin hannun hagu ko muƙamuƙi, ko wanda ke zuwa in kana tafiya ko hawa bene, ba a yi masa numfashin ƙirga, asibiti ake zuwa nan take. Mai sikila, asma ko ciwon zuciya kuma yana buƙatar shawarar likitansa kafin doguwar tafiya, saboda iskar cikin jirgi daidai take da ta kan tsauni mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Wannan ya shafi Hajiya ma. Magungunanta su kasance a jakar hannu, ta sha ruwa, ta riƙa motsa ƙafa, ta tashi ta ɗan taka in an kashe alamar bel.

Abu ɗaya a wasiƙarka ya sa na fi so ka ga mutum ido da ido: barcin da ya fara gagarar ka tun saura mako shida. Tambayi kanka ko irin wannan firgici ya taɓa zo maka a wani wuri, a cunkoson kasuwa, a sahun Juma'a, a cikin lif, ko haka kawai kana kwance. In ya taɓa, to matsalar ta wuce jirgi, kuma cunkoson ɗawafi zai iya tayar da ita, gara a shirya mata tun daga gida. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Na san abin da mutane ke cewa in an ambaci Dawanau, amma masu rashin barci da fargaba suna cikin waɗanda ake gani a irin waɗannan wurare kullum, su karɓi shawara su koma shagunansu. Ka nemi a haɗa ka da masanin halayya mai yin maganin tsoro ta hanyar tattaunawa da fuskantar abin mataki-mataki, zama kaɗan kan wadatar ga irin naka. In kuma likita ya ga sai an haɗa da maganin fargaba na kullum, wanda ba ya sa maye, shi yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin ya fara aiki. Saboda haka a cikin makon nan ya kamata ka je, kada ka bari sai biza ta fito.